Wutar da Babu Wanda Ya Kunna: Nazarin Gobarar Tsibin Kwal a Wani Rami a Gombe

## Wurin da mutanensa

Idan aka ce kwal a jihar Gombe, Maiganga ce ke fara zuwa bakin kowa, can ƙaramar hukumar Akko kusa da Kumo, inda ake haƙo kwal ɗin da masana'antar siminti ta Ashaka ke amfani da shi. Wurin da wannan nazari ya shafa ba can ba ne. Ƙaramin rami ne na wani ɗan kasuwa mai lasisi, kuma ba zan kama sunansa ba, ko na ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi.

A sarari ake haƙar. Katafila ta yaye ƙasar sama, a iske shimfiɗar kwal, motar tono ta fasa ta loda wa tifa, tifa ta kai fili ta jibge. Babu mai shiga ƙarƙashin ƙasa da fitila a goshi irin na Enugu, inda aka gano kwal a 1909 aka fara haƙarsa a 1916. Wannan ne ya sa mai wurin da manajansa suka ɗauka cewa gobarar kwal matsalar masu ramin ƙarƙashin ƙasa ce, su da ke aiki a buɗaɗɗen fili iska ma ta ishe su kariya.

Ma'aikata sun kai saba'in: direbobi, makanikai, mai walda, akawu, masu gadi uku, sai leburori waɗanda yawancinsu wani ɗan kwangila ke kawowa a biya su kullum. Ƙauyen yana kudu maso yamma da ramin, bai kai kilomita ɗaya ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka duk abin da ya tashi daga filin kwal, ƙura ko hayaƙi, a tsakar gidajen mutane yake sauka.

## Oktoba zuwa Nuwamba: kaya ya taru

Ciniki ne ya fara cijewa. Mai sayen kwal ɗin, wanda motocinsa ke zuwa kusan kullum, ya dakatar da ɗiba a tsakiyar Oktoba saboda saɓanin farashi. Haƙa kuwa ba ta tsaya ba, domin katafilar ta haya ce, ko ta motsa ko ba ta motsa ba sai an biya. Kwal ɗin da a da ba ya wuce mako biyu a fili sai ya fara taruwa. Filin ba shi da faɗi, saboda haka sama aka nufa: aka yi wa tifa hanya ta hau kan tsibin ta juye daga can. Kafin ƙarshen Nuwamba tsayinsa ya kai mita 8, tsawonsa kusan mita 60.

Wani tsoho cikin masu gadin ne ya fara lura. Rumfarsu tana gindin tsibin ta ɓangaren kudu maso yamma, inda suka samu mafaka daga sanyi. Wata safiya ya tare foman ya ce, "Oga, tsibin nan fa numfashi yake yi da asuba. Kuma akwai wani wari kamar na kananzir." Foman ya yi dariya ya ce, "Baba, raɓa ce ke tashi." Raɓa, a lokacin da leɓen kowa ya tsattsage don bushewa. Tsohon ya ƙara da cewa karnukan ƙauye sun koma kwana a gefe guda na tsibin, kullum wuri ɗaya. Ba a rubuta maganarsa a ko'ina ba, don babu littafin da ake rubuta irin wannan.

## Disamba: wuta ta farko da neman mai laifi

A mako na biyu na Disamba, wajen ƙarfe biyu na dare, masu gadi suka hango ja a gindin tsibin ta arewa maso gabas. Aka taso direban tankar da ke yayyafa wa hanya ruwa, mai ɗaukar lita 10,000. Sau uku ya yi sawu. Da gari ya waye wurin ya yi baƙi ƙirin, kowa ya ce alhamdulillahi.

Sai aka shiga neman wanda ya kunna. Zargi biyu ne suka taso: yaran ƙauye masu ƙona daji don farautar gafiya da zomo, da kuma leburori masu shan sigari. Zargin farko ba shirme ba ne. A Ostiraliya, a watan Fabrairun 2014, tartsatsin gobarar daji ne ya faɗa buɗaɗɗen ramin kwal na Hazelwood, wutar ta yi kwana 45 tana ci, hayaƙi ya turnuƙe garin Morwell. Ramin da ke tsakiyar busasshiyar ciyawa dole ya ji tsoron ƙunar daji.

Manaja ya ɗauki matakai uku a rana ɗaya. Ya hana sigari da ashana a cikin shinge. Ya sa katafila ta share ciyawa mita 10 kewaye da filin. Ya kuma sallami leburori biyu da aka samu da ashana a aljihu. Daga nan ya tafi wurin jauro, wato mai garin ƙauyen, ya kai ƙara.

Jauro ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Yallaɓai, ƙona daji dai muna yi, tun kakanni, ba zan musa maka ba. Amma bana wuta ba ta je kusa da shingenku ba. Ka je ka dubi ciyawar da ke tsakaninmu, ko sili ɗaya ya ƙone." Manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, a dai ja musu kunne." Bai je ya duba ba. Da ya je, da ya tarar da ciyawar a tsaye.

Bayan kwana tara wuta ta sake fitowa, mita goma sha biyar daga wurin farko.

## Ƙarshen Disamba zuwa Janairu: ruwa, tukwane da ciwon kai

Tunda ruwa ya yi aiki a karon farko, aka mai da shi al'ada. Kowace yamma tanka ta jiƙa gefen tsibin. Duk da haka wuta ta fito sau huɗu a cikin Janairu, kuma tazarar da ke tsakaninsu sai raguwa take yi.

A karo na uku ne aka samu rauni. Wani lebura ya ga rami yana ja kamar murhu, ya cusa bakin mesa a ciki don ruwan ya kai can ƙasa. Tururi da garwashi suka yi tsalle suka watso masa a fuska da hannun dama. Ya yi mako uku a asibiti. Mai wurin ya biya kuɗin magani daga aljihunsa, amma ba a kai rahoto ko'ina ba.

Bayan wannan aka kashe kuɗi. Aka sayo tukwanen kashe gobara goma sha biyu, masu hoda, aka jera su a sito aka kulle don kada a sace. Aka kafa alluna masu rubutun Turanci a bakin ƙofa da gefen fili. Manaja da foman da akawu suka halarci bita ta yini ɗaya a wani otal a cikin Gombe, suka dawo da takardun shaida aka rataye a ofis. Duk cikinsu babu mai kwana a wurin.

Masu kwana a wurin kuwa wani abu daban ke damunsu. Masu gadin uku duk suna tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Mai kemis ya ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, da bai yi ba ya koma na taifot. In mutum ya yi kwana biyu a gida sai ya warware, in ya dawo aiki ciwon ya dawo, har foman ya fara cewa lalaci ne. Wata asuba aka iske ƙaramin cikinsu ya kasa miƙewa. Aka ciccibe shi zuwa fili, kafin mota ta zo ya fara dawowa hayyacinsa. Likitan da ya duba shi bai daɗe yana tambaya ba ya ce, "A ina kake kwana, kuma me kuke hurawa?" Suna kwana a rumfar da suka toshe da zana da leda saboda sanyi, ga kasko cike da garwashin kwal a tsakiya, ga tsibi mai hayaƙi a bayansu.

Iskar kabon monoksaid ce. Ba ta da launi ba ta da wari, tana fitowa ne idan abu ya ci wuta ba tare da isasshiyar iska ba, kuma tana maƙale wa jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya. Alamominta na farko sak na zazzaɓi ne, shi ya sa mai kemis ya bi hanyar da ya saba.

A ƙauye ma haƙuri ya ƙare. Yara na tari, wanki na warin farar wuta. Matasa suka tare hanyar motoci yini guda. Jauro ya sa aka rubuta takarda zuwa ofishin ma'adinai na tarayya da ke Gombe.

## Farkon Fabrairu: rodi ashirin

Jami'in sa ido kan ma'adinai ya zo a makon farko na Fabrairu. Ya tuna wa mai wurin cewa Dokar Ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 sun ɗora wa mai lasisi nauyin kare lafiyar ma'aikata da na maƙwabta, kuma haɗarin da ya jawo rauni mai tsanani dole a sanar da sashen sa ido. Ya ba da umarni a daina juye kaya a kan tsibin, a ɗauke masu gadi daga gindinsa, a nemo wanda ya san aikin. Ta haka na shigo maganar.

Abin da na zo da shi bai cika jaka ba: ma'aunin zafi da ƙaramar na'urar auna iska mai guba. Sauran a wurin aka haɗa. Mai walda ya yanka rodi mai kauri milimita 12, guda ashirin, kowanne mita 2, ya fiƙe bakinsu. Muka bi jikin tsibin muna kafawa, tazarar mita 5, muka bar su sa'a guda, sannan muka riƙa zarowa muna aunawa.

Saman tsibin digiri 40 da 'yan kai. Ɓangaren kudu maso yamma tsakanin 45 da 50. Ɓangaren arewa maso gabas, a zurfin mita ɗaya da rabi, daga 70 har 95. A wurare biyu rodin bai taɓu ba sai da tsumma, da aka tofa masa miyau ya yi cuu. Ɗaya daga cikinsu daidai inda karnuka ke kwana ne. Na bar na'urar iska ta kwana a tsohuwar rumfar masu gadi, ba kasko ba kowa, da asuba ta nuna sama da kashi 100 cikin miliyan. Ƙa'idar wuraren aiki a Amurka ba ta yarda a wuce 50 ba a aikin sa'a takwas.

Na tara manaja da foman da direbobi a gindin tsibin, na tambaye su ko akwai wanda ya taɓa tara harawa da ɗanyenta. Kusan kowa ya taɓa. In ka cusa hannu bayan kwana uku, me kake ji? Zafi. Wa ya kunna mata wuta? Shiru.

Kwal ma yana yin zafi da kansa, ko da yake hanyar ta bambanta. Da zarar an fasa shi ya haɗu da iska, yana shan oksijin a hankali, shan nan kuwa zafi yake fitarwa. Idan kwal a baje yake, zafin ya watse. Idan a tsibi yake, zafin ya taru a ciki, kuma duk ƙarin digiri 10 saurin shan iskar yana kusan ninkawa. Daga 30 zuwa 60 abin na iya ɗaukar makonni. Da ya haura 70 sai ya koma na kwanaki. Kwal ɗin wannan yanki ba irin mai tauri mai ƙyalli ba ne, mai laima ne, in hunturu ya busar da shi sai ya tsattsage ya rududduge, kowace tsaga kuma sabuwar fuska ce da iska za ta ci. Irin wannan kwal ɗin ne ya fi saurin kamawa.

Yadda aka jibge shi ne ya ƙarasa aikin. Tifa in ta juye daga sama, manyan dunƙule su gangara gindi, gari ya tsaya a sama da tsakiya. Gindin ya zama kamar raga, iska na shiga ta ko'ina, saman kuma ya zama murfi mai riƙe zafi. Ga hunturu na bugun ɓangaren arewa maso gabas dare da rana. Wani direba ya ce, "To ai maƙera ke nan, iska ce zugazuginta." Ban sami bayanin da ya fi nasa ba, shi na ci gaba da amfani da shi.

Ruwan fa? Lita 10,000 a jikin tsibi mai mita 8 fatar sama kawai yake jiƙawa. Ja ya ɓace, zuciyar wutar na nan. Ruwan na wanke garin kwal ya buɗe sababbin hanyoyin iska. Busasshen kwal irin wannan in ya sha laima shi kansa ɗumi yake fitarwa. Sannan ruwan da ya faɗa kan garwashi a rufaffen wuri yana zama tururi, ya kumbura fiye da sau 1,600, yana kuma iya haifar da iska mai kamawa da wuta. Abin da ya ƙone leburan ke nan.

Kafin mu tashi muka duba bangon ramin kansa, inda shimfiɗar kwal ta fito fili aka bar ta. Tsorona kada wuta ta shiga ƙasa. A Jharia ta Indiya tun 1916 kwal ke ci a ƙarƙashin ƙasa, a Centralia ta Amurka tun 1962, har garin ya watse. Wuri ɗaya muka samu da ɗumi. A ranar aka binne shi da laka aka danne.

## Tsakiyar Fabrairu zuwa Maris: rushe tsibin

Shawarata ita ce a tone wuraren da suka yi zafi. Manaja ya lissafa man dizal da kwanakin haya ya ce a fara gwada mai sauƙi, a rufe ɓangaren da ƙasa a toshe masa iska. A ƙa'ida hakan na iya aiki. Sai dai ƙasar da ke kusa mai yashi ce, aka zuba ta sama-sama ba a danne ba. Kwana shida ta tsattsage, hayaƙi ya fito ta tsagogin, rodi ya nuna zafin bai sauka ko kaɗan ba. Mako guda ya tafi a banza.

Sai aka tone. Motar ɗiba tana shiga ta inda iska ke fitowa, don hayaƙi ya yi gaba ya bar direba. Mutum ɗaya na tsaye da na'urar iska da tuta, in ta yi ƙara kowa ya ja baya. Kwal mai zafi ana kai shi wani shararren fili daban, a baje shi kaurin santimita 30, sannan a yayyafa masa ruwa daga nesa. A baje ruwa na aiki, don tururi na da hanyar fita. Ba a kwashe shi sai ya huce daidai da ƙasar wurin. Zafin Maris ya kai digiri 40, saboda haka aiki daga ƙarfe shida zuwa sha ɗaya ne, a koma bayan la'asar. Kwana 19 aka yi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na kayan ya riga ya zama toka da gari marar kasuwa.

Sabon tarin ba a yi shi kamar na da ba. Ana shimfiɗa rabin mita, katafila ta bi ta kai ta danne, a sake shimfiɗa wani. Tsayi ba ya wuce mita 4. Gefuna ba tsaye ba, an kwantar da su yadda katafila za ta iya hawa, an shafe su da garin kwal da laka. Maimakon tsibi ɗaya aka yi huɗu da hanyar mota a tsakani, kowanne ya ba hunturu ƙunƙuntar fuskarsa. An kafa allo mai kwanan wata a gaban kowanne, wanda ya riga zuwa shi ke riga fita.

Rodi suka zauna dindindin. Ƙasa da digiri 50, a kafa koren turke, a auna sau biyu a mako. Daga 50 zuwa 70, turke ruwan ɗorawa, a auna kullum a ƙara dannewa. Sama da 70, jan turke, a tone a ranar ba sai an jira manaja ba. Littafin aunawa a hannun tsohon maigadi aka damƙa shi. Ba ya boko, amma yana ajami, kuma ya san lambobi. Akawu ke kwafewa ranar Juma'a.

## Maris zuwa Afrilu: horo

A Amurka doka ta ce sabon ma'aikacin buɗaɗɗen rami sai ya samu horon sa'a 24, sannan sa'a 8 na tuni kowace shekara. Mu ba mu da aji ba mu da majigi. Abin da muka yi shi ne minti 15 kowace safiya kafin a tayar da injuna, da Hausa, wani direba na maimaitawa da Fulatanci, batu ɗaya a rana. Leburorin ɗan kwangila ma suna ciki, kuma an yarda minti 15 ɗin cikin lokacin aiki yake. Sai da aka yi ja-in-ja kafin a yarda da wannan.

Aka fito da tukwanen daga sito. Uku allurarsu ta riga ta sauka, holoƙo ne. Sauran aka rataye su a motoci, wurin janareta, wurin tankin mai da rumfar walda. Aka yanka durom biyu, aka zuba dizal aka kunna, mutane suka riƙa zare fil suna fesawa a gindin wutar da hannunsu, ana sake cika tukwanen har aka zagaya. Da yawa a karon farko harshen wutar suka nufa, hoda ta ƙare wuta na ci. Gara a gane haka a gaban durom.

Gwajin gudu na farko abin kunya ne. Aka buga tsohon rim ɗin taya da ke matsayin ƙararrawa, jama'a suka kwasa zuwa babbar ƙofa, wato inda hayaƙi zai bi. Ƙofar a kulle, makulli na aljihun foman, foman ya shiga gari. Da aka zo ƙirga mutane aka rasa adadin da za a nema, domin babu mai rubuta sunan leburorin yini. Aka gyara abu uku: buhu a kan dogon sanda don kowa ya ga inda iska ta dosa, wurin taruwa biyu a zaɓi wanda ke ɓangaren da iska ke fitowa, da rajistar shiga a bakin ƙofa. Makulli ya koma hannun maigadi.

A tsakiyar Afrilu mesar man haidirolik ta motar ɗiba ta fashe, man ya fesu a kan bututun hayaƙi mai zafi wanda ƙurar kwal ta daskare a jikinsa. Direba ya kashe inji ya diro, yaron motarsa ya fizgo tukunya ya fesa a gindi, makaniki ya cire kan batir. Asarar ba ta wuce mesa da 'yan wayoyi ba. Daga ranar aka sa wanke injuna kowace Asabar.

## Ɓangaren lafiya

Nan ne aka fi tafiyar hawainiya. An raba takunkumi mai tace ƙura a madadin ƙyallen da suke ɗaurawa, amma da rana ta take sai ka gan shi a haɓa. Abin da ya fi rage ƙurar shi ne mayar da tanka aikinta na asali, jiƙa hanya, da rage gudun tifa. Masu aiki kusa da injuna an ba su abin toshe kunne, domin ƙara mai ƙarfin desibel 85 na tsawon sa'a takwas kullum tana cin ji a hankali.

An kai ma'aikatan dindindin gwajin ƙirji da na ji. Na gaya wa mai wurin kada sakamako mai kyau ya ruɗe shi, ciwon huhu na ƙurar kwal da ta dutse yakan ɗauki shekaru kafin ya nuna, kuma ba ya warkewa. Amfanin gwajin yau shi ne a samu abin kwatantawa nan gaba.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, don wanda ya ji rauni a bakin aiki ya samu magani da diyya. An yi wa na dindindin rajista. Leburorin yini kuwa, mai wurin ya ce na ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya ce a ramin wani suke aiki.

## Damina da hunturu na biyu

Ruwan farko a watan Mayu ya sauka kan busasshen kwal, cikin kwana biyu tsibi ɗaya ya hau digiri 62. Aka kafa turke ruwan ɗorawa, katafila ta sake dannewa, cikin mako ya sauko.

A Disamba na gaba rodi ɗaya ya nuna 74. Motocin mai saye ne suka ɗebi kaya suka bar gefen a tsaye kamar bango yana kallon hunturu. Tsohon maigadi ya kafa jan turke da hantsi, kafin magariba an tone an baje. Harshen wuta bai fito ba a duk wannan hunturun, ƙauye kuma bai sake tare hanya ba.

## Abin da nazarin ya nuna

Matakan Disamba da Janairu ba na banza ba ne gaba ɗaya. Share ciyawa daidai ne, hana sigari daidai ne, tukwanen ma su suka ceci motar ɗiba daga baya. Kuskuren shi ne duk an ɗauke su a kan tunanin cewa wani ne ya kawo wutar daga waje, kuma an riƙe tunanin nan wata biyu alhali shaidu uku na musanta shi: warin da tsohon ya ji, karnukan da suka zaɓi wurin kwana, da ciyawar da ba ta ƙone ba. Masu shaidun ba su da kujera a ofis, masu kujera kuma ba sa kwana a wurin.

Abin da ya yi aiki shi ne sauya yadda ake tara kwal da kuma auna shi. Rodi ashirin da turaku masu launi kuɗinsu bai kai na bitar otal ba. A ganina abu mafi nauyi a tsarin shi ne ikon da aka bai wa maigadi na kafa jan turke ba tare da neman izini ba, domin a Nuwamban farko ma ya gani, iko ne ba shi da shi. Horon ya kama ne saboda an yi shi da harshen masu aikin, a wurin aikin, da wuta ta gaske a gabansu.

Akwai abin da bai gyaru ba. Tushen matsalar ciniki ne, kuma babu abin da aka rubuta da zai tilasta tsayar da haƙa idan mai saye ya sake dakatawa. Daga leburori biyun da aka sallama kan ashana ɗaya ne ya dawo, ba a kuma ba kowannensu haƙuri ba. Wanda ya ƙone ya koma aiki da tabo a fuska, har yanzu ba shi da rajista. Da na buɗe littafin aunawa a zuwana na ƙarshe na iske giɓin kwana goma sha ɗaya a watan Oktoba. Tsohon ya tafi gida girbin wake, ba a kuma sa kowa ya riƙe masa rodin ba.